Abubuwa Uku Da A Ke Cirewa Daga Motocin Katsina, Da Hukuncin Kowanne

Ga wata mas'ala wadda ta shafi dukiya, wani lokaci ma har ta kan taɓa rai.

Duk wanda ya zaga wuraren kanikawa na birnin Katsina, na cikin ganuwa da na bayanta, ba zai rasa ganin tarin ƙarafa a gindin rumfa ba. Ga wani dunƙulen ƙarfe mai kama da ƙaramar tukunya, ga waɗansu faffaɗan alminiyam masu kama da saƙar zuma, ga guntayen baƙin tiyo da aka yanke da wuƙa. In mutum ya tambayi yaran gareji, sai su ce masa kayan esi ne da na hita, watau na'urar sanyaya mota da ta ɗumama ta, waɗanda aka ciro daga motocin haya da na dakon kaya. In ya ƙara tonawa cikin tarin, zai ga wani ɗan ƙarfe mai sifirin a jikinsa, wanda bai cika tafin hannu ba. Shi ne kanikawa ke kira tamostat. Duk cikin tarin babu wanda ya kai shi ƙanƙanta da araha, babu kuma wanda cire shi ya kai nasa jawo hasara.

Hujjar da a ke bayarwa guda ce, wai duka kayan ƙasar sanyi ne, ko kuwa kayan jin daɗi waɗanda mai neman abinci ba ruwansa da su. To, amma abubuwan nan uku aikinsu daban daban ne, saboda haka hukuncinsu ma bai zama ɗaya ba. Esi ana iya cire shi in an bi ƙa'ida. Hita ana iya kewaye ta in lalura ta kama, tare da sanin abin da aka rasa. Tamostat kuwa gaɓa ce ta injin kansa, wanda ya cire shi ya raunana motarsa da hannunsa. Ga bayanin kowanne.

Asalin al'adar

Katsina gari ne na fatauci tun zamanin da ayarin raƙuma ke tasowa daga Agadas da bayan hamada suna sauke kaya a unguwanninsa. Da Turawa suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, ta iso Kano cikin 1911. Reshenta da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda cikin 1929, amma bai leƙo birnin Katsina ba. Sai cikin 2021 aka aza harsashin wata hanya daga Kano zuwa Maraɗi wadda aka tsara ta ratso ta birnin. Saboda haka tun da raƙumi da jaki suka ja baya, hatsin Katsina da fatunta da atamfarta duk bisa ƙafar mota su ke tafiya.

Cikin 1975 aka buɗe masana'antar haɗa motocin Peugeot a Kaduna, hanyoyin Arewa suka cika da 504, wadda aka yi ta haɗawa har wajen 2006. Da darajar naira ta soma faɗuwa daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin jama'a, sai aka koma ga motocin da aka riga aka hau a Turai, daga Beljiyam da Jamus da Holan. A lokacin jirgin ruwa ya kan sauke su a Kwatano, a koro su ta ƙasar Nijar zuwa Maraɗi, daga nan su shigo ta Jibiya, domin tsakanin Maraɗi da Katsina bai wuce kilomita 100 ba. Shi ya sa a ke ce musu 'yan Kwatano ko Beljiyam. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga ranar 1 ga Janairu 2017, amma kafin nan dubbai sun riga sun shigo.

Motar da aka ƙera domin Bature ya kai 'ya'yansa makaranta cikin dusar ƙanƙara, sai ga ta ta zama jakin Bakatsine. A kan cire kujerun baya, a ƙara mata sifirin har gindinta ya ɗaga sama in ba kaya, a loda mata buhunan gero da wake daga kasuwannin Jibiya, da Mai'aduwa, da Mashi, da Caranci. Irin su Golf da Sharan na Volkswagen, da J5 ta Peugeot, da Hiace ta Toyota, duk sun sha wannan sauyi. Mai irin wannan mota lissafinsa guda ne, nawa ta ci, nawa ta kawo. Lissafin ya ƙara tsanani daga ranar 29 ga Mayu 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da yawa. Daga nan duk abin da aka ce yana shan mai ya zama abokin gaba.

Inda zafin inji ke tafiya

Ba a yi wa abu hukunci sai an san surarsa. Injin mota murhu ne wanda a ke hura wuta a cikinsa sau dubbai a kowane minti. Masana sun kimanta cewa in an raba ƙarfin man da ya ƙone kashi uku, kusan kashi ɗaya ne kaɗai ke juya ƙafafu. Ɗaya ya fita ta salansa, ɗayan kuma ya shige jikin ƙarfe ya zama zafi. Wannan na ƙarshe shi ne ruwa ke kwashewa. Famfon ruwa ya kan tura ruwan ta waɗansu hanyoyi da aka yi cikin jikin injin, ya ɗebi zafi, ya fito ta babban tiyo ya shiga lagireto. A can iskar tafiya da ta fanka su hura shi ya huce, sa'an nan ya koma.

Murfin lagireto ma yana da nasa aiki. Ruwa a buɗe ya kan tafasa a digiri 100 a bakin teku, a Katsina ma ya kan ɗan riga haka, domin ƙasar ta fi teku tudu da wajen mita 500. Amma murfin nan mai sifirin yana danne ruwan, ya hana shi tafasa har sai ya kai wajen digiri 120. Shi ya sa murfin da robarsa ta mutu ya kan sa lafiyayyar mota ta yi ta aman ruwa, shi ya sa kuma buɗe shi da zafi ya kan ƙona fuska da hannu.

Abin lura a nan shi ne, maƙeran inji sun auna ƙarafansa da kaurin baƙin mansa domin su yi aiki daidai a wajen digiri 90. Ranar Afrilu a Katsina, wadda kowa ke kuka da ita, ta kan kai digiri 40 ne ko ta ɗan wuce. Ke nan ko a tsakiyar bazara, injin da ya kwana a ajiye mai sanyi ne, yana bukatar ya ɗumama kafin ya yi aikinsa sosai. A riƙe wannan, za a koma kansa a gaba.

Na farko, esi

Kamfanin Packard na Amurka shi ya fara sayar da mota mai na'urar sanyi cikin 1939. Na'urar ta cinye wuri babba a but ɗin motar, ba ta kuma da makunnin da zai tsayar da ita. In direba ya gaji da sanyi sai ya tsaya, ya buɗe bonet, ya zare bel da hannu. Ashe zare bel ɗin esi ba kanikawan Katsina suka fara shi ba.

Aikin esi irin na randa ne. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana bushewa yana tafiya da zafi, shi ya sa na ciki ke sanyi. A mota, maimakon ruwa akwai wani sinadari da a ke kira gas, wanda ke tafasa tun cikin sanyi ƙwarai. Kwamfuresa, watau dunƙulen nan mai kama da tukunya, ta kan matse shi ya yi zafi, ya bi ta kwandensa da ke gaban lagireto ya huce ya zama ruwa. Sa'an nan ya ratsa ta wata 'yar kafa ya shiga wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye bayan dashbod. A nan ya ke komawa iska yana zuƙe zafin cikin mota, ya sake komawa ga kwamfuresa.

Gaskiya ne esi na shan mai, domin injin ne ke juya kwamfuresa, ƙaramar mota kuma ta fi jin nauyinta, balle cikin cunkoso. Amma ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A bakin kwamfuresa ta yawancin motocin nan akwai kuloci na maganaɗisu. In an kashe makunni sai kulocin ya saki, fulin da bel ke ja ya yi ta juyawa wayam. Saboda haka wanda ya kashe esinsa ya riga ya sami kusan dukan ribar man da wanda ya cire nasa ya samu. Batun nauyi kuwa, in an tara kayan esi na ƙaramar mota duka bisa sikeli, da wuya su kai rabin buhun shinkafa mai kilo 50.

Akwai wuri biyu da cirewa ke da hujja. Na ɗaya, in boris ɗin fulin ya ci ya soma ƙara. Motoci da yawa bel guda ne ke juya kwamfuresa da altaneta mai cajin batir, a waɗansu har da famfon ruwa. In fulin ya kafe ya tsinka bel, mota za ta tsaya da kayan mutane tsakanin Kankiya da Tsanyawa, ko inda ya fi nan nisa da gari. Mai motar da ba shi da kuɗin sabuwar kwamfuresa, gara ya sauke tsohuwar. Na biyu, in kwandensa ta toshe da ƙura da ƙaiƙayi, ko ta lanƙwashe har ta tare wa lagireto iska, esin kuma dama ya daɗe da mutuwa. In za a cire, a nemi gajeren bel irin wanda aka yi domin motar da ba ta zo da esi ba, ko a ɗaura fulin banza a gurbin kwamfuresa. A naɗe bakin wayoyin da aka zare, a toshe bakin bututan da suka rage. A kuma tabbata fankar lagireto na tashi da kanta in inji ya yi zafi, domin a waɗansu motoci wayarta ta haɗu da ta esi.

Sai dai akwai haɗari cikin bututan nan wanda yaran gareji ke wasa da shi. Gas ɗin a matse ya ke ko da mota a kashe. In aka yanke bututu da zarto ya kan feso da ƙarfi, sanyinsa yana ƙona fata kamar wuta, in ya sami ido yana iya makantar da shi. In kuwa ya haɗu da harshen wutar walda, sai ya rikiɗa ya zama iska mai guba. Haka nan wanda ya ɗura wa esi gas ɗin girki domin araha, ya ajiye abin kama wuta a gaban gwiwar direba.

Ɓarnar sakin gas ɗin ba ta tsaya ga gareji ba. Irin na da, mai suna R-12, an soma yin sa a Amurka wajen 1930. Cikin 1974 masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka bayyana cewa irinsa na hawa sama yana cinye wani rufi na iska mai suna ozon, wanda ke tace hasken rana mai ƙona fata da lalata ido. Cikin 1985 masu bincike na Ingila suka ba da labarin rufin ya sirance ƙwarai a saman ƙarshen duniya na kudu. Ƙasashe suka taru a Montiriyal ta Kanada suka sa hannu a yarjejeniyar rage yin sa ranar 16 ga Satumba 1987, mako guda ke nan kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga watan. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar cikin 1988. Tsakanin 1992 da 1995 sababbin motoci suka koma ga R-134a, wanda ba ya taɓa ozon, amma kilo ɗaya nasa yana riƙe zafi a sararin duniya kamar kilo 1,430 na iskar kabon da ke fita daga ƙona mai. Domin haka aka sake wata yarjejeniya a Kigali cikin 2016 ta rage shi, yawancin sababbin motocin Turai kuma daga 2017 suka koma ga wani mai suna R-1234yf. Fa'idar sanin wannan ga mai mota biyu ce. Kada a gauraya iri da iri, domin kowanne da man da ya dace da kwamfuresarsa. In za a cire esi kuma, a nemi mai injin zuƙe gas ya juye shi cikin tukunya, kada a busa shi sama.

Na biyu, hita

Hita ba ta da wuta ta kanta. Wani ɗan lagireto ne, bai kai allon ƙaramin almajiri ba, yana bayan dashbod. Tiyo biyu ne ke ratsa bangon da ke tsakanin inji da direba, ɗaya ya kawo ruwan zafi, ɗaya ya mayar. Fanka ta hura iska ta cikinsa, ɗumi ya shigo. Zafin da a ke zubarwa a banza shi a ke ɗiba, kamar yadda tsohuwa ke ɗibar garwashin da aka gama tuwo da shi ta sa a ƙarƙashin gadon ƙasa. Ke nan hita ba ta ƙara wa mota shan mai, in banda 'yar wutar da fankarta ke ja.

Abin da ke sa a taɓa ta yoyo ne. Alamarsa, shimfiɗar ƙafa ta gaba ta jiƙe, gilashi ya riƙa yin hazo mai maiƙo daga ciki, ruwan lagireto yana raguwa ba a ga inda ya ke zuba ba. Gyaran na da wuya, domin a motoci da yawa sai an kwance dashbod duka. Saboda haka bakanike ya kan zare tiyon nan biyu ya haɗa bakinsu da guntun bututu, ruwa ya riƙa kewayawa bai shiga ɗakin mota ba. Wannan dabara ba ta da laifi in an yi ta da bututun ƙarfe da kilif mai kyau, aka kuma fitar da iskar da ta shiga cikin ruwan. Laifin yana ga mai toshe bakin tiyo da tsohon fulogi ko guntun icce, domin a waɗansu injuna ta wannan hanya ce ruwa ke kewayawa sa'ad da babbar hanya ke rufe. In an toshe ta, wani sashe na kan inji ya kan yi zafi allura ba ta nuna ba.

Amma mai mota ya san abin da ya rasa. Katsina ba ta rasa sanyi ba. Cikin Disamba da Janairu, in hunturu ya kankama, ma'auni ya kan sauko ƙasa da digiri 15 da asuba, daidai lokacin da motocin kasuwa ke tashi. Abin da ya fi wannan muhimmanci, iskar hita da ta esi su ne ke share hazon da numfashin fasinjoji ke yi a gilashin gaba, musamman in ruwan Agusta ya sauko an rufe tagogi. Motar da ba hita ba esi, direbanta sai ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya yana goge gilashi da ɗayan, ga shanu na tsallaka titi. Bayan haka, hita lagireto ce ta biyu. Tsofaffin direbobi sun san in allura ta fara hawa a kan hanya, sai a kashe esi, a buɗe hita har ƙarshe, a sauke gilasai. Zafin da ta janye ya kan isa a lallaɓa a kai gari na gaba. Wanda ya cire ta ya zubar da wannan guzuri.

Na uku, tamostat

A da can ƙofofin birni, irin su Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri, akwai masu tsaronsu, su rufe da dare su buɗe da safe. Tamostat shi ne sarkin ƙofar inji. Yana zaune a bakin hanyar da ke tsakanin inji da lagireto. A cikinsa akwai wani irin kaki a rufe cikin kwanson tagulla. Da safe, inji na da sanyi, kakin a daskare ya ke, sifirin ya rufe ƙofa, ruwa na kewayawa cikin injin kaɗai, ya yi zafi cikin 'yan mintoci. In zafin ya kai adadin da aka buga a jikinsa, galibi tsakanin digiri 80 da 92, sai kakin ya narke ya kumbura, ya tura ƙofa ta buɗe. In ruwa ya huce ya wuce kima, ya sake tsukewa. Haka ya ke yi dukan tafiya, ba batir, ba waya.

Dalilin da ya sa aka tsane shi yana da tushe. In ya tsufa ya kan maƙale a rufe, mota ta tafasa nan da nan. Bakanike ya cire shi, tafasa ta tsaya, kowa ya ga da idonsa. Daga nan aka ɗauki hukuncin wanda ya lalace aka ɗora wa lafiyayye, har ta kai 'yar Kwatano na sauka a ke zare nata tun ba ta ɗauki fasinjanta na farko ba, wai domin can ƙasar ƙanƙara aka yi shi. Alhali sababbin motocin da a ke kai wa Saudiyya da sauran ƙasashen da suka fi Katsina zafi, da tamostat ɗinsu su ke zuwa.

Ga abin da ke biyo bayan cire shi. Fetur ba ya ƙonewa sosai cikin inji mai sanyi, saboda haka an shirya mota ta riƙa ƙara mai har ta ɗumama. A tsofaffi masu kafireto cok ne ke wannan aiki, a masu injekta kuwa kwamfutar mota ce ke karanta zafin ruwa ta auna mai. In ruwan bai kai zafinsa ba, kamar da asuba ko cikin hunturu ko kan doguwar hanya ba kaya, sai ta ci gaba da zuba mai fiye da bukata. Mutumin da ya cire esi domin tsimin fetur, ga shi yana zubar da shi ta wata kafa bai sani ba.

Rarar man nan kuma ba ta tafiya a banza. Ta kan wanke baƙin mai daga jikin silinda, ta gangara ta tsinka wanda ke ƙasa. Tururin da ya kamata zafi ya kore shi ya kan zauna cikin baƙin mai ya zama laka. Ringi su yi ta ci, mota ta fara hayaƙi, a sauke inji tun lokacinsa bai yi ba. Da ya ke wannan cuta a hankali ta ke ci, wata da watanni, ba mai tuna ɗan ƙarfen da aka jefar a gindin rumfa.

Akwai wanda ya fi wannan ban mamaki. A injuna da yawa tamostat ƙofa biyu ya ke tsaro. Sa'ad da ya buɗe hanyar lagireto, gindinsa ya kan rufe gajeriyar hanyar da ke mayar da ruwa cikin inji. In an cire shi duka biyun sun zama a buɗe, ruwa kuwa hanya mai sauƙi ya ke bi. Sai wani kaso nasa ya yi ta zagaye bai je lagireto ba, motar da aka cire wa tamostat domin ta yi sanyi ta zo tana tafasa in ta ɗauki kaya da rana.

Tafasar mota tana da masu laifi na ainihi, su ya kamata a bincika. Lagireto ya kan toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiya ko na burtsatse. Murfi ya kan saki, fanka ta kan mutu, famfon ruwa ya kan cinye, gaskit ɗin saman inji ya kan ƙone, lodi kuma ya kan wuce ƙarfin mota. Ruwan nan mai launi da a ke sayarwa a galan, wanda a ke kira kulant, mutane na zaton maganin daskarewa ne kurum, alhali yana hana tsatsa, yana kuma jinkirta tafasa. Sai dai guba ne mai zaƙi, a nisanta shi daga yara da dabbobi. Haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa da an murza makulli, ita ma 'yar'uwar cire tamostat ce. Tana gajiyar da fanka da batir, tana kuma ɓoye cutar da ya kamata a gano.

Gwada tamostat ba shi da wuya. A ɗaure shi da zare a rataya cikin tukunyar ruwa bisa wuta. Lafiyayye zai buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya rufe in ya huce. Wanda ya ƙi, a sake shi da sabo mai lamba irin tasa. Kuɗinsa ba a haɗa shi da na sauke inji.

Ga mai saye da mai sayarwa

Mas'alar ba ta ƙare a gareji ba, domin mota haja ce, yau tana hannun wannan gobe tana hannun wancan. Littattafan fiƙihu da a ke karantawa a zaurukan Katsina, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, sun yi bayani a babin ciniki cewa ɓoye aibin haja bai halatta ba, mai saye kuma yana da zaɓin mayarwa in ya gano tsohon aibi mai rage daraja wanda aka ɓoye masa. Abin da aka faɗa game da doki da raƙumi ya hau kan mota. Makunnin esi yana nan a dashbod, kwamfuresa kuwa ta daɗe a kasuwar gwangwan. In dillali ya ce wa mai saye gas ne kawai ya ƙare, ya san abin da ya aikata.

Haka nan kayan da aka cire na mai mota ne. Direban da aka ba amanar mota yana kawo balas ba shi da ikon sauke esi ya sayar sai da izini, bakanike kuma ba shi da ikon riƙe kwamfuresa a bakin ladan aiki sai an yi yarjejeniya a kan haka. Mafi kyau a tara kayan cikin buhu, a toshe bakunansu kada ƙura ta shiga, a ajiye. Ranar sayarwa su bi motar, kuɗinta ya ƙaru.

Mai saye kuwa kada ya tsaya ga fenti da taya. Ya buɗe bonet ya ga ko kwamfuresa na nan da bel a kanta. Ya bi tiyo biyu na hita da ido ya ga ko sun shiga bango, ko an haɗa su a waje. Sa'an nan ya zo da sassafe a ta da motar a gabansa tana da sanyi, ya dafa babban tiyon lagireto na sama, yana kiyaye hannunsa da hannun rigarsa daga fanka da bel. In tamostat na nan, tiyon zai zauna da sanyi na 'yan mintoci, sa'an nan ya yi zafi gaba ɗaya. In ya soma ɗumi a hankali tun daga farko, allura kuma ta ƙi kai tsakiya bayan an yi tafiya, to, ƙofa ba mai tsaro. Ya rage kuɗi gwargwadon haka, ya kuma sayi sabon tamostat kafin ya ɗora mata buhu na farko.